Saƙon gargaɗin gaggawa a waya: daga ina yake zuwa, kuma me ya kamata mutum ya yi?

Tambaya: Wayata ta yi wata irin ƙara mai firgitarwa alhali na sa ta a yanayin shiru, sai ga rubutu ya rufe fuskarta yana gargaɗi game da ambaliya. Ban taɓa ba wata hukuma lambata don irin wannan ba. Wa ya aiko shi, ta yaya zan gane na gaskiya ne ba na 'yan damfara ba, me ya kamata in yi idan ya sake zuwa, kuma zan iya kashe shi?

Amsa: Malam, zan fara da batun lamba, tunda shi ne ya fi tsaya wa mutane a rai. A mafi yawan ƙasashen da ke da wannan tsari, wanda ya aiko saƙon bai san lambarka ba, kuma ba ya buƙatarta. Saƙon tes na yau da kullum yana tashi ne daga lamba zuwa lamba, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa idan mutane da yawa suka hau layi a lokaci guda sai ka ga saƙo ya maƙale. Gargaɗin gaggawa kuwa wata hanya dabam yake bi. Hukumar da doka ta ba izini, kamar hukumar hasashen yanayi ko ta agajin gaggawa ko 'yan sanda, takan zana iyakar yankin da haɗarin ya shafa a kan taswira, ta rubuta saƙon, ta miƙa shi ga kamfanonin sadarwa. Su kuma sai su umarci turakun sadarwa da ke cikin yankin, waɗanda aka fi sani da ƙarfen sabis, su watsa shi a sarari, ta yadda duk wayar da ke jin wannan turke za ta kama shi a tare da sauran. Abin ya fi kama da tashar rediyo: tana magana ne ba tare da ta san wanda ya kunna akwatinsa ba, kuma ko masu sauraro goma ne ko miliyan goma, aikin ɗaya ne a gare ta. Wannan ne ya sa saƙon ke isa ga miliyoyin wayoyi cikin daƙiƙu, ba ya cin kuɗin kira ko data, yana shiga wayar baƙon da ya sauka jiya kamar yadda yake shiga ta ɗan gari, kuma cunkoson layi ba ya hana shi wucewa.

Akwai ƙasashen da suka zaɓi aika gargaɗin a matsayin tes na gama-gari zuwa ga lambobin da kamfanin sadarwa ya ga suna cikin yankin. Ostareliya ta fara aika gargaɗi ta tes a 2009, bayan gobarar dajin da ta yi mummunar ɓarna a jihar Victoria. Saboda haka zuwan gargaɗi ta tes bai isa hujjar cewa ƙarya ne ba, sai dai shi ya fi sauƙin kwaikwayo, kuma zan dawo kan wannan.

Ƙarar da ta firgita ka da gangan aka yi ta haka. An tsara ta ne ta bambanta da kowace ƙara ta waya, ta keta yanayin shiru, ta zo tare da girgiza saboda masu matsalar ji, kuma ta iya tayar da mai barci. A Birtaniya takan ɗauki kimanin daƙiƙa 10. Rubutun kuma gajere ne ƙwarai: a Amurka, inda tsarin ya fara aiki a 2012, harafi 90 kacal aka yarda da shi da farko, sai a 2019 aka faɗaɗa zuwa 360. Wannan ƙarancin wuri yana nufin babu kalmar da aka sa don ado, don haka a karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya yi saurin danna maɓalli don ƙarar ta tsaya, rubutun ya ɓace, sannan ya koma yana tambayar na kusa da shi abin da aka ce. A wayoyi da dama ana iya sake ganin saƙon a cikin jerin sanarwa ko a sashen gargaɗin gaggawa na saitin waya, amma neman nasa yana cin lokaci.

Saƙon da aka rubuta da kyau yana amsa tambayoyi biyar: wa ke magana, mene ne haɗarin, wane wuri ya shafa, me za a yi, kuma zuwa yaushe. Idan ka karanta, waɗannan za ka nema, musamman wuri da umarni. Turken sadarwa bai san iyakar unguwa ba, sautinsa yakan tsallaka, don haka mutum na iya samun gargaɗin da ba nasa ba. A Amurka an wajabta tun daga ƙarshen 2019 cewa tsallaken kada ya wuce kimanin mita 160 ga wayoyin da ke iya auna matsayinsu da kansu, amma ba kowace waya ba ce haka, kuma ba kowace ƙasa ba. Idan ka duba ka kasa tantance ko kana ciki ko kana waje, ka ɗauka kana ciki.

Yanzu ga zuciyar maganar. Masana halayyar jama'a da suka shafe shekaru suna nazarin yadda mutane ke karɓar gargaɗi, irin su marigayi Dennis Mileti na jami'ar Colorado, sun nuna cewa abin da hukumomi suka fi tsoro, wato jama'a su rikice su tattake juna, ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ya fi faruwa shi ne jinkiri. Mutum ya ji ƙara, ya karanta, sai ya leƙa taga ya ga sama garau, ya kira ɗan'uwansa ya ji ko shi ma ya samu, ya shiga intanet ya ga me ake cewa, ya dubi maƙwabci ya ga yana zaune, sai ya ce bari dai a gani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da ma'ana a karan kansa, domin ɗan Adam ba ya son barin gidansa a kan magana guda, amma idan aka tara su sai su cinye ainihin mintocin da aka aiko saƙon don a ba shi. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: a fara aikata abin da saƙon ya ce, a yi binciken daga wurin da aka tsira. Wanda ya hau tudu sannan ya gano gargaɗin kuskure ne ya yi asarar awa ɗaya, wanda kuma ya tsaya tabbatarwa ya tarar gaskiya ne yana iya rasa hanyar fita baki ɗaya.

Yawan lokacin da gargaɗi ke bayarwa ya danganta da irin haɗarin, kuma a kan haka ne martani ke bambanta. Girgizar ƙasa ita ce mafi ƙurewa. Ba hasashenta ake yi ba, riga ta ake yi a guje. Idan ƙasa ta tsage, igiyoyi iri biyu ke tashi: ta farko mai sauri ce, tana tafiyar kusan kilomita 6 a daƙiƙa amma ba ta cika ɓarna ba, ta biyu kuma tana tafiyar kusan kilomita 3 da rabi a daƙiƙa, kuma ita da waɗanda ke biye da ita ne ke rushe gini. Na'urori kan ji ta farkon, su ƙiyasta ƙarfin girgizar, su tura saƙo, saƙon kuma ya riga igiya ta biyu isowa. Japan ta buɗe wannan tsari ga jama'a a 2007. Birnin Mexico yakan samu kusan minti ɗaya idan girgizar ta taso daga gaɓar teku mai nisa, amma wanda ke kusa da cibiyar girgizar zai iya samun daƙiƙa biyu ko uku, ko ma saƙon ya zo bayan ƙasa ta fara motsi. Tun daga 2020 kamfanin Google ma yana amfani da na'urar auna motsi da ke cikin wayoyin Android don gano girgiza a ƙasashe da yawa. A cikin daƙiƙu kaɗan babu batun ɗaukar kaya ko gangarowa daga bene. Abin da ake koyarwa shi ne mutum ya durƙusa kafin girgizar ta kayar da shi, ya shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ko ya kare kansa da wuyansa da hannuwa, ya riƙe har ta lafa, ya nisanci gilashi da duk abin da zai iya faɗowa. Wanda ke waje ya matsa fili, nesa da gini da wayoyin lantarki. Wanda kuma ke bakin teku ya ji girgiza mai ƙarfi ko mai tsawo, ko ya ga ruwa ya janye ba bisa al'ada ba, kada ya jira wayarsa ta yi ƙara: ya nufi tudu, kuma ya zauna can, domin igiyar tsunami ta farko ba lallai ba ne ta zama mafi girma.

Ambaliya, wadda ita ce ta zo maka, ta fi yaudara, saboda sau da yawa ruwan da zai ci gari ba a garin ya sauka ba. Zai iya sauka a kan duwatsu masu nisan kilomita da dama, ya taru a kwari, ya iso inda ko ɗigo bai faɗi ba. Haka ta faru a wasu garuruwan yankin Valencia na ƙasar Sifaniya ranar 29 ga Oktoban 2024, inda fiye da mutum 220 suka rasu. Hukumar yanayi ta ƙasar ta fitar da gargaɗi mafi tsanani tun da safe, amma saƙon waya bai fita ba sai bayan ƙarfe 8 na dare, lokacin da ruwa ya riga ya shiga tituna da gidajen ƙasa da wuraren ajiye motoci. Darasin yana da fuska biyu. Ga hukuma, jinkirin danna maɓalli laifi ne mai girma. Ga mutum kuma, rashin ganin ruwa a ƙofar gida ba hujja ba ce, kamar yadda shirun waya ba tabbacin lafiya ba ne. Idan gargaɗin ambaliya ya zo, a hau wuri mai tudu ko benen sama, a bar ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma kada a koma don ceto mota. Ƙididdigar da hukumar yanayi ta Amurka ke yawan maimaitawa ta cancanci a haddace ta: ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa yana tafiya da mafi yawan motoci, har manya. Ga shi kuma ruwan ambaliya gurɓatacce ne, ba a ganin ƙasansa, ba a sanin ko kwalta na nan ko ta zaizaye.

Sauran haɗurra umarninsu yakan faɗa cikin ɗayan biyu, ko a fita ko a zauna a ciki, kuma rikita su yana da tsada. A gobarar daji fita da wuri ake so, tun hanya ba ta cika ba kuma hayaƙi bai rufe ta ba. A yoyon iskar guba daga masana'anta sau da yawa zama a ciki ake so, a rufe ƙofofi da tagogi, a kashe duk na'urar da ke jawo iska daga waje. A guguwa mai ƙarfi kuma ɗakin tsakiyar gida a hawa na ƙasa, nesa da taga. Shi ya sa na ce a karanta saƙon duka, domin gudu ba shi ne amsar kowane gargaɗi ba. Wanda ke tuƙi kada ya ɗauki wayar, ya nemi inda zai tsaya lafiya sannan ya karanta, ko fasinja ya karanta masa.

Bayan ka kai kanka da iyalinka inda ya dace, sai ka tuna da waɗanda ƙila saƙon bai isa gare su ba. Wayar da ke kashe, ko tana yanayin jirgi, ko tana wurin da babu sabis, ba za ta karɓa ba. A ƙasashe da dama sai waya mai kama 4G ko 5G, kuma tsofaffin wayoyi ba sa ciki. Akwai tsofaffi, da yara, da wanda bai iya karatu ba, da baƙon da ba ya jin harshen da aka rubuta saƙon da shi. Ƙwanƙwasa ƙofar irin waɗannan ya fi tura hoton saƙon zuwa zaurukan WhatsApp amfani, musamman da yake hoton yakan ci gaba da yawo kwanaki bayan haɗarin ya wuce, ya isa garuruwan da ba ruwansu, ya tayar da hankali a banza. Idan za ka tura, ka haɗa da sunan wuri da rana da lokaci. Wajen sanar da 'yan'uwa kuma gara tes a kan kira, domin tes ya fi samun hanya idan layi ya cunkushe, kuma ya fi barin caji. Lambar agajin gaggawa a bar ta ga wanda rayuwarsa ke cikin haɗari, ba wurin tambayar ko saƙon gaskiya ne ba. Don ƙarin bayani a nemi rediyo da shafukan hukumar da ta aiko saƙon, kuma ƙaramar rediyo mai batir tana da daraja a nan, saboda wuta da ruwa suna iya kayar da turakun sadarwa su kansu, kamar yadda gobarar garin Lahaina a jihar Hawaii ta Amurka ta yi a Agustan 2023.

Game da gane na gaskiya da na bogi, ka dubi abin da saƙon ke nema daga gare ka. Gargaɗin gaskiya yana ba ka umarnin kare kai ne kawai. Ba ya neman ka amsa, ba ya neman kuɗi, ko lambar sirri, ko bayanan banki, ko ka sauke wata manhaja, ko ka yi rajistar tallafi. Wasu na gaskiya sukan zo da adireshin shafin gwamnati don ƙarin bayani, saboda haka ganin likau kaɗai bai sa saƙo ya zama na bogi ba, amma umarnin da kake buƙata yana cikin rubutun ne, ba sai ka danna komai ba, kuma idan kana son shiga shafin gara ka rubuta adireshin da ka sani da hannunka. 'Yan damfara sun fi bin tes da manhajojin hira, musamman a kwanakin da ke biyo bayan bala'i, lokacin da mutane ke neman taimako ruwa a jallo. Saƙon da ya zo da waccan ƙara ta musamman ya rufe fuskar waya, kuma wayoyin mutanen da ke kusa da kai suka yi ƙara tare, yana da wuyar ƙirƙira. Ba a ce ba zai yiwu ba, domin a 2019 masu bincike a jami'ar Colorado sun nuna cewa da turken bogi ana iya tura irinsa a ƙaramin wuri, amma wannan aiki ne mai buƙatar kayan aiki da ƙwarewa, ba abin da mai damfarar yau da kullum ke yi ba.

Hukumomi ma suna kuskure, kuma ɓoye wannan ba zai amfani kowa ba. Ranar 13 ga Janairun 2018, da ƙarfe 8:07 na safe, mazauna Hawaii sun samu saƙon cewa makami mai linzami na tafe, su nemi mafaka, har aka ƙara da cewa ba atisaye ba ne. Kuskure ne da ya auku a lokacin atisaye, kuma sai bayan minti 38 saƙon gyara ya fita. A Janairun 2025, lokacin gobarar Los Angeles, an tura gargaɗin shirin ƙaura da aka yi niyya don wani yanki zuwa ga kusan mutum miliyan 10. Irin waɗannan suna zubar da amana, haka ma yawan aika saƙo a kan abin da bai kai ya kawo ba, domin wayar da ke kururuwa kowane mako ƙarshenta a yi mata kunnen uwar shegu. Duk da haka, a auna da ɗaya ɓangaren. A Yulin 2021 ambaliya ta kashe fiye da mutum 180 a Jamus, mafi yawansu a kwarin Ahr, a lokacin da ƙasar ta dogara da manhajojin gargaɗi waɗanda sai mutum ya sauke da kansa, kuma an riga an cire jiniyoyi da yawa bayan ƙarewar yaƙin cacar baka. Bayan wannan ne Jamus ta kafa tsarin watsa saƙo ta turaku, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2023. Tarayyar Turai ta riga ta wajabta wa ƙasashenta samar da gargaɗin waya zuwa Yunin 2022, kuma a 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya ya kasance ƙarƙashin wani tsarin gargaɗi tun da wuri. Har yanzu akwai ƙasashe da yawa da ba su kafa nasu ba, inda rediyo da jiniya da tes ne madogara.

Wani lokaci ƙarar gwaji ce kawai, kuma saƙon zai faɗi haka ƙarara. Birtaniya ta yi gwajin ƙasa baki ɗaya ranar 23 ga Afrilun 2023, Amurka ta yi ranar 4 ga Oktoban wannan shekarar, Jamus kuma tana da ranar gwaji duk shekara. Idan an yi gwaji a inda kake kuma wayarka ba ta yi ƙara ba alhali na kusa da kai sun yi, to ka duba saitinta, ka sabunta manhajar da ke tafiyar da ita.

Batun kashewa ya danganta da ƙasa da kuma irin waya. A iPhone maɓallan suna can ƙasan sashen sanarwa, a Android kuma galibi suna sashen tsaro da gaggawa. A Amurka ana iya kashe wasu nau'o'i, kamar sanarwar neman yaron da aka sace, amma ba a iya kashe gargaɗin ƙasa baki ɗaya, a Kanada kuwa tsarin bai ba da zaɓin fita ba. A ra'ayina, wanda ƙananan sanarwa suka dame shi ya rage waɗancan idan wayarsa ta ba da dama, amma ya bar na haɗari mai tsanani a kunne, musamman da dare, lokacin da babu rediyo a kunne kuma babu mai leƙa taga. Togaciya guda na sani mai ƙarfi: mutumin da ke fama da cin zarafi a gida, wanda ya ɓoye waya ta biyu don neman taimako. Ƙarar za ta iya tona asirin wannan waya ko da tana yanayin shiru, shi ya sa kafin gwajin Birtaniya ƙungiyoyin kare irin waɗannan mutane suka shawarce su da su kashe gargaɗin a ɓoyayyar wayar ko su kashe ta ɗungurungum. Idan ba irin wannan hali kake ciki ba, ka bar shi a kunne, ka nuna wa mutanen gidanka yadda yake, kuma ku tsayar tun yanzu da inda za ku haɗu, da kuma wa zai ɗauko wa, idan saƙon ya zo kuna warwatse.